Motar da Ta Ƙi Yin Sanyi

A shekarata ta shida a Dubai na sayi mota mai ɗaki, irin wadda mutanen nan suke kira karaban. Ba sabuwa ba ce. Wani abokin aikina ne a ma'ajiyar magungunan da nake aiki zai koma ƙasarsu, ya rasa yadda zai yi da ita, ni kuma 'ya'yana mata biyu sun dame ni da zancen kwana a sahara kamar yadda 'yan ajinsu suke yi idan sanyi ya shigo. A cikinta akwai gado, da benci biyu masu kallon juna, da ɗan murhun gas, da wurin wanke hannu, sai iyakwandishan, wato esi, a kan rufi, bakinsa yana huro iska ta sili. Mun more ta a sanyin shekarar. Da zafi ya kunno kai a watan Afrilu na share ta tas, na cire filtar esin na wanke na shanya na mayar, na kulle ta.

A Abu Hail inda filat ɗinmu yake, ƙaramar mota ma da ƙyar ake samun inda za a ajiye ta. Yayana ne ya samo min wuri. Ya riga ni zuwa Dubai da shekara goma, shi ya kawo ni, kuma yana aiki a wani ofishin kago, masu aika wa 'yan kasuwa kaya gida, a Al Sabkha, don haka ya san masu sito da yawa. Ya haɗa ni da wani fili mai katanga a bayan wani sito a Al Qusais, inda ake ajiye manyan motoci, da soket ɗin wuta a jikin bango. Maigadin wurin dattijo ne ɗan Sudan. Kakansa Bahaushe ne da ya tafi aikin Hajji a ƙafa ya tsaya a hanya, shi ya sa yake jin Hausa, irin ta tsofaffi. Makullin motar biyu ne. Na riƙe ɗaya, na ba Yaya ɗaya, ko za a buƙaci matsar da ita ina wurin aiki.

Wata biyar ban leƙa ta ba. A ƙarshen Satumba, wata Asabar da hantsi, na je don in fara shirya ta. Maigadi ya buɗe min ƙofa, muka gaisa, sai na ga yana bin bayana har gindin motar, abin da bai saba ba.

"Alhaji, ba ka ce za ka zo ba," in ji shi.

"Baba, ai motata ce," na ce ina dariya. Shi bai yi dariyar ba.

Na jona wayar wuta a jikin motar, na kunna esi, na zauna a benci ina jira. Fanka tana juyawa, ina jin gurnanin kwamfireso a saman kaina, amma iskar da ke saukowa ba ta da ƙarfi, kuma ba ta da sanyi. Bayan minti ashirin gumi ya jiƙa min riga. Aikina na yau da kullum auna zafi da sanyi ne, kuma ba na rabo da ɗan ma'aunin zafi a jaka. Na kai shi wurin da esin ke zuƙar iska, ya nuna talatin da huɗu. Na kai shi bakin da ke hurowa, ya nuna talatin. Ranar da na sayi motar na yi wannan awon, bambancin ya haura digiri goma.

Wanda na fara zargi shi ne mutumin da ya sayar min. Na tuna yadda yake ta gaggawa, da yadda ya dage mu yi gwaji da yamma, a watan Nuwamba, lokacin da ko fanka kaɗai ta isa. Na zauna ina haɗa maganganunsa ɗaya bayan ɗaya, kowace na juya sai in ga kamar da wata manufa ya faɗe ta. Har na ɗauko waya zan rubuta masa saƙo, sai na fasa, na kira wani makaniki da maigadi ya ce yana zuwa filin gyaran esin manyan motoci.

Makanikin ya iso da azahar. Bai hau rufi ba, bai buɗe komai ba. Ya miƙa tafin hannu a bakin iska, ya girgiza kai.

"Gas khalas, boss," ya ce, wato gas ya ƙare. Sannan ya yi min bayani da Turanci haɗe da Larabci cewa zai huda bututu ya yi walda ya sa bakin ɗura gas, idan hakan bai yi ba kuma sai a sauya kwamfireso.

Na tambaye shi ta ina gas ɗin ya fita, tunda irin wannan esin a rufe yake ruf, ba shi da bakin ɗuri. Ya ce gas yana ƙarewa ne kawai. Na san ba haka ba ne. Firjin da ke ma'ajiyarmu ya fi shekara goma ba a ƙara masa komai ba. Na lura kuma yana magana yana satar kallon maigadi, maigadin kuma yana kallon ƙasa. Sai na ce a raina bakinsu ɗaya. Na sallame shi, na ce zan neme shi.

Da ya tafi na ɗauko sukudireba na kwance murfin da ke jikin sili. Filtar da na wanke da hannuna a Afrilu ta faɗo min a hannu kamar tsumma. Ta toshe gaba ɗaya da wata ƙura mai kauri, toka-toka, haɗe da zare-zaren bargo. Na murza ta da yatsa, na ji danƙo. Na shinshina, na ji man girki da albasa. Ƙurar da ke shiga mota a kulle busasshiya ce, kuma ba ta taruwa a filta sai in esi yana aiki yana zuƙa. Mu kuwa ba mu taɓa soya komai a ciki ba, matata a waje take girki duk inda muka yada zango.

Na haska bayan filtar da fitilar waya. Ragar ƙarfen nan mai siraran haƙora kamar na mataji, wadda bututun gas ke ratsawa, ta yi fari fat da ƙanƙara. Iska ba ta samun hanya, shi ya sa sanyin ya daskare a wuri ɗaya bai sauko ba. Esin da gas ɗinsa ya ƙare ƙaf ba ya yin ƙanƙara haka.

Daga nan na daina duba esi, na koma duba ɗaki. Zanin gado yana nan a shimfiɗe, amma an ja shi sumul fiye da yadda nake yi. Tankin ruwa da na bari da rabi ya ƙafe. Tukunyar gas ta yi sauƙi. A ƙasan benci na tsinci tsinken sakace guda ɗaya. Na fita na taɓa filogin wayar wuta, na ji shi da ɗumi, gefensa ɗaya ya yi baƙi. Wayar ma ba tawa ba ce kaɗai, an ƙara mata wata siririya don ta kai wani soket da ke can bayan tarin tayoyi, inda ba a hango shi daga ƙofar sito.

Kowa a Dubai ya san yadda wurin kwana yake da wuya, ya kuma san ana ba da hayar gado ɗaya ga mutum biyu, wannan ya tashi wannan ya kwanta. Nan take na gama yanke hukunci: maigadi ya yanka makulli yana saka leburori a motata.

Na same shi a ɗan ɗakinsa na bakin ƙofa yana dafa shayi.

"Baba, wa yake shiga motar nan?"

"Wa zai shiga, Alhaji? Ba makulli a wurina."

"An yi girki a ciki. An kwana a ciki."

Ya zuba shayi a ƙaramin kofi ya miƙo min. Ban karɓa ba.

"Ni dai ban ci amanarka ba," ya ce. "Abin da zan iya faɗa ke nan."

Amsar ta ƙara min zargi. Mutumin da bai san komai ba cewa zai yi bai sani ba.

A hanyar gida na kira Yaya na zayyana masa komai. Yana saurare, ina jin hayaniyar masu turin kaya a bayansa.

"Ka bi a hankali," ya ce. "Dattijon nan na san shi tun kafin ka zo ƙasar nan. Kada ka faɗa masa maganar da za ka dawo kana jin kunya."

"Yaya, to aljanu ne suke soya albasa?"

"Ka bar motar zuwa Nuwamba. Sanyi na shigowa ba ka ma buƙatar esin. Ni zan yi masa magana."

Na kashe waya ina ganin Yaya yana kare abokinsa ne. Har na fara tunanin ko shi ma ya san da hayar, ya kawar da kai don kada ya ɓata da mai sito.

Matata ta saurare ni tana tsince shinkafa. Ta ce, "Abban yara, ko ma wane ne, wanda ya kwana a cikin ƙarfe a zafin Agusta ba don daɗi ya yi ba." Na ce wannan ba hujja ba ce. Ta ce ba ta ce hujja ba ce.

Washegari Lahadi na koma da tsani da tiyo da buroshi. Na bar fanka kaɗai tana juyawa har ƙanƙarar ta narke ta tsiyaye, na wanke filta da ruwan omo sau uku kafin ruwan ya fita fari. Sannan na cire wuta na hau rufi. Ƙarfen yana ƙuna har ta cikin takalmi. Murfin esin ƙusa huɗu ke riƙe da shi, amma uku na tarar, gurbin na huɗun an ɗaure shi da waya. Wani ya riga ni hawa. Da na ɗaga murfin na ga ɗaya ragar, ta waje, wadda ke fitar da zafi, ta cushe da yashi da gashin tattabara. A gefe ɗaya an yi ƙoƙarin goge ta da wani abu mai tauri, haƙoran sun lanƙwashe sun manne da juna, faɗin tafin hannu. Mai kwanan ya ga sanyi yana raguwa, ya hau ya gyara, ya ƙara ɓatawa.

Na wanke ragar daga ciki zuwa waje, a hankali, na bi haƙoran da suka lanƙwashe da bakin wuƙar tebur ina miƙar da su ɗaya-ɗaya. Duk tsawon lokacin maigadi yana tsaye a inuwar sito yana kallona. Sau ɗaya ya ce, "Shwaiya shwaiya, a hankali, Alhaji, tsanin yana rawa." Na ci gaba da aikina.

Na sauko na kunna. Iska ta yi ƙarfi, bambancin ya kai digiri bakwai. An samu ci gaba, amma da saura, kuma ban san inda sauran yake ba.

Kafin in tafi na yi abin da na shirya tun daga gida. A wurin aiki muna da wata 'yar na'ura kamar kwalin ashana, wadda muke sakawa cikin kwalin magani tana rubuta zafin wurin duk bayan minti goma. Akwai tsohuwa ɗaya da aka daina amfani da ita, ogana ya ba ni tun bara. Na manna ta da salatif a bayan labulen taga, na kulle mota, na ce wa maigadi sai wani watan.

Ranar Laraba da aka tashi daga aiki na biya na ɗauko ta. A gida na jona ta da kwamfuta. Layin ya fito kamar haƙoran zarto. Kullum da rana zafin cikin motar yana haura hamsin, wajen ƙarfe takwas na dare sai ya gangaro, ya zauna a ƙasa har ƙarfe bakwai da rabi na safe, sannan ya sake hawa. Kwana uku, ba fashi. Ko kunyar zuwana ba a ji ba.

Na ɗauki hutun rabin yini ranar Alhamis. Ƙarfe bakwai saura na safe ina bakin filin. Maigadi ya gan ni ta ramin ƙofa, ya daɗe kafin ya zare sakata.

"Alhaji, don Allah ka tsaya in yi maka magana."

"Ka yi wa mai sito," na ce. "Shekara nawa kana cin amanar mutane a nan? Da furfurarka."

Ya matsa gefe na wuce.

Tun daga nesa nake jin gurnanin esi. A kan matakalar motar akwai takalmi sau-ciki, baƙi, an goge shi yana sheƙi. Na san takalmin. Tare muka saye shi a kasuwar Naif kafin ƙaramar Sallah. Na tsaya ina kallonsa, makulli a hannuna, har sai da aka buɗe ƙofar daga ciki.

Yaya ne, da singileti, dutsen guga a hannunsa. Ya shimfiɗa farar shaddarsa a kan teburin da ke tsakanin bencina. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Muna waya kusan kullum, amma sai a lokacin na lissafa cewa rabon da in gan shi ido da ido tun watan Yuli, kullum da uzurin da yake bayarwa.

"Shigo ka rufe ƙofa," ya ce. "Sanyin yana fita."

Na shiga na zauna. Ya ci gaba da gugarsa, yana magana ba tare da ya dube ni ba. Ofishin kagon an rufe shi tun watan Mayu, mai shi ya tattara ya koma wata ƙasa. Iyalinsa da ya ce min sun tafi Kano hutun makaranta, ba hutu ba ne, mayar da su ya yi. Ya saki filat ɗinsa, ya kai kayansa ajiya wurin wani aboki. Kullum da safe yana saka shadda ya tafi Al Sabkha, yana raka baƙin 'yan kasuwa shaguna, yana nema musu kwantena, yana kai takardunsa duk inda ya ji ana neman ma'aikaci. Bizarsa tana da sauran 'yan watanni. Da ya zo nan, ya ce, niyyarsa mako biyu ne.

"Yaya, gidana fa? Minti ashirin daga nan."

"Ɗaki biyu, da 'yan mata biyu. In kwana a falo, matarka tana lulluɓi a gidanta?" Ya juya hannun rigar. "Kuma ni na ɗauko ka daga filin jirgi. Ban iya ba."

"Da na kira ka ranar Asabar fa?"

"Na yi niyyar faɗa maka. Sai na ji yadda kake magana."

Na ɗaga kai ina kallon bakin esin, don kada in kalle shi. Shi ma ya ɗaga kai.

"Ni na ɓata maka shi," ya ce. "A watan Agusta ya daina sanyi, na hau sama na goge da buroshin takalmi. Na buɗe nan ciki ma, wani soso ya faɗo, ban san inda yake ba, na ajiye shi a durowa."

Ya jawo durowa ya miƙo min wani dogon soso mai gam a gefe ɗaya. Ina ganinsa na gane sauran matsalar. Na cire wuta, na kwance murfin sili, na haska. Tsakanin ramin da ke zuƙar iskar ɗaki da ramin da ke huro mai sanyi akwai ɗan shamaki, soson nan ne yake toshe bakinsa. Da babu shi, iska mai sanyi tana fitowa sai ta zagaya ta koma ciki, ba ta sauko ɗaki ba. Yaya ya riƙe min fitila, na mayar da soson, na bi gefensa da salatif mai ƙarfi. Na fita na cire siririyar wayar da ya ƙara, wadda take rage wa kwamfireso ƙarfin wuta har filogi yake zafi, na matsar da motar kusa da bango na jona ta kai tsaye. Muka zauna muna jira. Bayan kwata na auna. Digiri goma sha ɗaya.

"To ashe ba gas ba ne," in ji Yaya.

"Ba gas ba ne."

Ya saka shaddarsa, ya karya hula, ya ce yana da baƙi daga kasuwar Kwari ta Kano da zai kai shagon yadi ƙarfe tara. A ƙofar mota ya tsaya ya ce, "Dattijon nan rantsar da shi na yi. Ruwan sha ma shi yake kawo min. Me ka ce masa?"

Na faɗa masa. Ya dube ni, ya sa takalmi ya tafi.

Na daɗe a zaune kafin in iya zuwa ɗakin maigadi. Na durƙusa a bakin ƙofa na ce, "Baba, na yi maka magana marar daɗi, kuma ba ka cancanta ba. Ka yafe min." Ya ce Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Ya ce makanikin ma bai san komai ba, shi dai kowa ya kira shi gas yake cewa. Na tambaye shi me ya sa bai ba ni ko alama ba. Ya ce ya yi ta neman hanyar da zai faɗa ba tare da ya karya rantsuwa ba, bai samu ba.

Da na gaya wa matata, ba ta ce ta faɗa min ba. Ta tashi ta kwashe kayan 'yan matan ta mayar ɗakinmu, ta ce in je in ɗauko shi. Yaya ya ƙi. Ta karɓi wayar da kanta, ta gaishe shi, ta ce, "Yaya, in ba ka zo ba, ni da yaran za mu zo mu tare a motar, ka ga sai mu matsu gaba ɗaya." Ya yi dariya, karo na farko da na ji a wannan makon. Duk da haka bai tare ba. Abin da ya yarda da shi shi ne cin abincin dare a wurinmu kullum, da kawo wankinsa. A motar ya ci gaba da kwana har tsakiyar Nuwamba, lokacin da wani mai sayar da tayoyi a Ajman ya ɗauke shi ya kula masa da lodin kaya, ya ba shi ɗaki a saman shago, ya kuma mayar da bizarsa kansa. Iyalinsa har yanzu suna Kano, yana cewa sai ya ga kamun ludayin wurin.

Abu ɗaya ya roƙe ni, kada Hajiya mahaifiyarmu ta ji. Matarsa ma ya ja mata kunne. Wata Juma'a da rana muna cin abinci a gidana sai ga kiranta na bidiyo. Na jingina wayar da jug ɗin ruwa, muka matso kusa da juna don ta gan mu. Ta amsa gaisuwarmu, ta tambayi jikokinta, sannan ta matso da fuskarta har gilashinta ya cika allon.

"Kai babba, me ya same ka ka zube haka?"

"Zafi ne, Hajiya. Bana an yi zafi."

"Shi ƙanen naka ba a garin yake ba?" Ta juyo kaina. "Kai, faɗa min gaskiya."

Na ce aiki ne ya yi masa yawa, amma yanzu ya samu sauƙi. Ta dube mu, daga wannan zuwa wancan.

"Ku biyun nan akwai abin da kuke ɓoye min," ta ce. "Tun kuna yara haka kuke zama idan kun yi wani abu, kafaɗa a haɗe."

Yaya ya ɗan matsa gefe. Ta ce a ba ta matata su gaisa.